Jan tsuntsun duwatsun Jos a bakin gonar acca: yaya ake tabbatar da shi?

Abu Safiya, Rikkos

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar tsuntsaye, musamman masu fita kallonsu a ƙauyukan da ke kewaye da Jos. Shin da gaske ne akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu da ba a samunsa sai a duwatsun Filato da wasu 'yan wurare kaɗan? Idan da gaske ne, yana yiwuwa mutum ya gan shi a gonar talaka, ko kuwa sai a cikin gandun daji da aka keɓe aka sa masa masu gadi?

Dalilin tambayar shi ne, kawuna yana da gona a gabashin Jos, wajen hanyar Fobur, kuma gonar ta jingina da gindin wani dutse mai ƙananan bishiyoyi da doguwar ciyawa a tsakanin tsagoginsa. A wannan mako na ƙarshen Oktoba ana yankan acca, kuma kullum da safe, kafin rana ta yi zafi, wasu 'yan tsuntsaye biyu suna saukowa daga cikin duwatsun su yi kiwo a ƙasa, daidai inda ciyawar da ba a nome ba ta haɗu da gonar. Ɗaya jajir ne a fuska da ƙirji, ɗayan kuma bai kai shi ja ba. Girmansu da tafiyarsu duk irin na baiwar Allah ne, wadda muke gani a tsakar gida tana tsintar tsaki, sai dai bakinsu ba ja ba ne, ya fi kusa da ruwan toka, kuma ba su da sabo da mutum ko kaɗan, domin da zarar an matso sai su shige cikin duwatsu.

Akwai kuma wata magana da ta fi damuna. Kawu yana da niyyar sare sarƙaƙiyar da ke gindin dutsen bayan girbi, ya yi feshin maganin ciyawa, ya ƙara faɗin gonar saboda dankalin Turawa a damina mai zuwa. Ba na son in je masa da maganar da ba ni da tabbas a kanta, balle in hana dattijo abin da yake ciyar da iyalinsa da shi saboda tsuntsun da wataƙila ba shi ba ne. Saboda haka ina son sanin alamomin da ake dubawa, da yadda ake kai rahoto idan an tabbatar, da kuma abin da ya dace a faɗa wa mai gona.

Malama Ummu Khalil, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiya. Tsuntsun da kake tambaya a kai gaskiya ne, sunansa na kimiyya Lagonosticta sanguinodorsalis, kuma ɗan uwan baiwar Allah ne na kusa, shi ya sa ka ga kamar. Wani masanin tsuntsaye daga Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Payne, shi ne ya bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa a shekarar 1998. Wato har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce, littattafan kimiyya ba su san da shi ba, alhali yana nan yana kiwo a bayan gidajen mutanen Filato tun kaka da kakanni. Ana samunsa a tudun Jos da duwatsun da ke kewaye, sannan a tsaunukan Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru. Bayan waɗannan wurare, duniya ba ta da shi.

Game da alamomi, ka riga ka kama mafi muhimmanci, wato baki. Baiwar Allah ta cikin gari bakinta ja ne mai haske, namijinta yana da siririn zobe rawaya a kewayen ido, bayansa kuma ya fi karkata ga ruwan ƙasa. Na dutse bakinsa ruwan toka ne mai sirkin shuɗi. Abu na biyu da za ka duba shi ne kai da baya tare: namijin na dutse tsakar kansa da ƙeyarsa ruwan toka ne, amma gadon bayansa ja ne mai duhu, kuma wannan jan bayan ne ya raba shi da sauran danginsa masu baki irin nasa. Fuska da maƙogwaro da ƙirji jajaye ne, da 'yan fararen ɗige-ɗige a gefen ƙirji. Tamatar ba ta kai shi ja ba, kanta ya fi yin toka-toka. Tsawonsa gaba ɗaya bai wuce santimita 10 zuwa 11 ba.

Ina jan hankalinka kada ka tsaya a kan baki kaɗai, domin yankinmu yana da wasu nau'o'i na wannan dangi. Akwai mai siraran fararen layuka a ƙirji wanda ya fi son bakin rafi, akwai wanda cikinsa baƙi ne ƙirin, akwai kuma wanda namijinsa ke da baƙar fuska. A cikin inuwa, da sassafe, tsuntsu yana motsi a cikin ciyawa, ido yana iya nuna wa mutum abin da zuciyarsa ke so ya gani. Abin da ka bayyana ya dace da na dutse ƙwarai, kuma wurin ma ya dace, amma ni dai ba zan ce an tabbatar ba sai ka ga bakin da kan da bayan a jikin tsuntsu guda, a haske mai kyau.

Yadda aka gano shi ma yana da amfani gare ka, domin akwai shaida ta biyu a ciki. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, Vidua maryae, wanda ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Tamatarsa takan faki idon jan tsuntsun dutse ta saka ƙwanta a cikin sheƙarsa, su kuma masu sheƙar su kwanta a kai, su ƙyanƙyashe, su ciyar da ɗan tare da nasu. Ɗan ba ya kashe 'ya'yan gidan, kuma cikin bakinsa yana da tabo da launi irin na 'ya'yan gidan, don haka iyayen riƙon ba sa gane baƙo ne. Kamar agola ne da ya tashi da harshen gidan da aka rene shi: idan namijin ya girma, yakan haɗa kukan iyayen riƙonsa a cikin nasa, tamata kuma takan zaɓi namijin da ke yin kukan irin gidan da ita ma ta tashi. Kowane nau'i na waɗannan baƙaƙen yana da nau'in da yake saka wa ƙwai. Masana sun daɗe suna jin baƙin tsuntsun Jos yana kwaikwayon wani kuka, kuma bin diddigin mai wannan kukan na cikin abin da ya kai ga gane cewa jan tsuntsun duwatsun nan nau'i ne daban. Saboda haka idan ka ga wani ɗan baƙi yana zama a kan busasshen reshe guda kullum a kusa da dutsen yana ta kuka, ka lura da shi.

Tambayarka ta ko sai a gandun da aka keɓe, amsarta ita ce a'a. Wurin da aka fi saninsa shi ne gandun Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka kafa a 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Amma faɗin Amurum kimanin hekta 300 ne kawai, kuma gonaki ne suka kewaye shi ta kowane ɓangare. An fi ba da rahoton tsuntsun a can ne saboda a can masu dubawa suke. Abin da yake buƙata shi ne dutse mai sarƙaƙiya inda zai ɓuya ya yi sheƙa, da ciyawa mai 'ya'ya inda zai ci, da ruwan sha a kusa. Binciken da aka yi a Amurum ya nuna cewa da rani yankin da yake yawo a ciki yakan ƙaru, saboda dole ya riƙa zuwa inda ruwa ya rage. Duk gonar da ta haɗa waɗannan abubuwa uku tana iya zama gidansa, kuma gonar acca ta fi yawancin gonaki dacewa, tunda acca ita ma ƙaramar ƙwayar ciyawa ce, kuma ba a rasa wadda ta zube lokacin yanka.

Wani abu da ya kamata a faɗa don kada a yi ƙari: a jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, ba a sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa ba. Ƙarancinsa na wuri ne, wato duniyarsa ce ƙarama, amma inda yake ana iya samunsa da dama. Abin tsoron shi ne fasa duwatsu don gini, da saran itace, da cinye gindin kowane dutse da noma, domin tsuntsun da ba shi da wani gida sai dutse ba shi da inda zai koma.

Baba Mai Lambu, Rayfield

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Ni ba ɗan boko ba ne a wannan fanni, manomi ne, ina noman rani a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin kududdufan haƙar kuza, kuma jikana ne yake rubuta mini wannan. Ina so in ƙara abu biyu.

Na farko, ku 'ya'yana masu neman tsuntsun da ba a saba gani ba, ku sani cewa wanda ba a saba gani ba yau, jiya shi ne ya cika gari. Lokacin da muke samari babu mahauta ko kasuwa da za ka je ba ka tarar da ungulu a kan rufi ba, har korarta ake yi. Yau yaro yana iya gama sakandare a Jos bai taɓa ganinta da idonsa ba, kuma kowa ya san inda ta tafi: masu haɗa magani suna sayen kanta da ƙafafunta, guba kuma ta kashe saura. Haka carki, wanda da ba a raba shi da bayan saniya. Tun da aka koma wanke shanu da maganin kaska, ya yi wuyar gani. Burtu da tuje kuwa sai dai labari a yawancin wuraren da na sani. Gauraka ma, da ake cewa tsuntsun ƙasar Najeriya ne, yaushe rabon da wani a cikinku ya ji kukansa a fadama? Idan za a rubuta abin da aka gani, a rubuta har da waɗannan, kuma a tambayi tsofaffin ƙauye abin da suke gani da, domin ba su da tabarau na hangen nesa amma sun shekara hamsin suna duban gona guda.

Na biyu, maganar shiga gonar mutane. Kai Abu Safiya gonar kawunka ce, babu damuwa. Amma idan labari ya bazu, abokanka suka fara zuwa da tabarau da kyamara mai dogon baki, to a yi hattara. Kowa ya san halin da ƙauyukan Filato suka shiga a shekarun nan, kuma baƙon da aka gani da asuba yana leƙen dutse da na'ura yana rubutu a takarda, ba tsuntsu ne zai fara zuwa zuciyar mutane ba. A fara zuwa wurin mai unguwa a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi yaron gari ya yi rakiya, a kuma ba shi ɗan abin sayen sabulu. Kada a taka shuka, kada a tsallaka shingen ƙerana, kada a ɗauki hoton matan mutane a gona.

Game da kawunka kuma, kada ka je masa da wa'azi. Ba ƙin tsuntsu ne ya sa manomi yake feshi ba, tsadar 'yan ƙwadago ce. Kuɗin da za ka ba mutane su nome maka gona ya ninka kuɗin maganin. Kuma manomi bai san tsuntsu da alheri ba sai kaɗan, tunda abin da ya sani shi ne jan-baki da kabare masu cinye gero da dawa. Ka nuna masa cewa wannan ba ya zuwa garke-garke, biyu-biyu yake yawo, kuma abin da ya zube a ƙasa yake tsinta. Sannan ka tambaye shi ko gindin dutsen zai yi dankali da gaske, domin a sanina ƙasar irin wannan wuri ba ta da zurfi, kuma idan aka sare sarƙaƙiyar, ruwan da ke gangarowa daga dutse zai kwashe ƙasar ya yi zaizaya har cikin gonar da yake da ita yanzu. Wannan ita ce maganar da manomi zai saurara.

Abu Safiya, Rikkos

Na gode, Malama. Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma. Yau da safe na koma na zauna a kan wani falalen dutse rana tana bayana, kuma namijin ya fito fili har na ga bakinsa da tsakar kansa ruwan toka ne, bayansa kuma ja mai duhu kamar yadda aka bayyana. Hoton da na ɗauka da waya bai fito sosai ba saboda nisa, ana dai ganin jan da siffar. Akwai kuma ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki da ke zama a kan wata busasshiyar bishiya a saman gonar, yana kuka yana korar duk wanda ya sauka kusa da shi, amma ban iya ganin launin ƙafafunsa ba. Shin wannan ya isa a kai rahoto, kuma wa ake kai wa?

Ɗan Naraguta

Yaya Abu Safiya, barka da ƙoƙari. Ina cikin masu aikin sa kai na tattara bayanan tsuntsaye, don haka bari in amsa ɓangaren rahoto.

Akwai shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya wanda aka fara a ƙarshen 2015, kuma cibiyar da ke Laminga ce take jagorantarsa. An raba ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai yakan shiga gida guda ya yi aƙalla awa 2 yana dubawa, yana rubuta kowane nau'in da ya gani ko ya ji bisa jerin yadda ya same su, kuma yana da kwana 5 ya ƙarasa takardar wannan gida. Yawancinmu muna amfani da manhajar BirdLasser a waya, wadda take ɗaukar wuri da lokaci da kanta ko babu intanet, sai a tura daga baya. Ba a biyan kuɗi, kuma ba a neman takardar makaranta. Idan mutum ya shigar da nau'in da ba a sa ran samunsa a wurin ba, ana iya neman ƙarin hujja, kuma wannan ba raini ba ne, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa har da malaman jami'a.

Hujjar da ake so ba lallai ta zama hoto mai kyau ba. Ka ajiye hoton nan naka ko da ya yi dishi-dishi, kada ka gyara launinsa. Ka rubuta abin da ka gani nan take a wurin, kafin ka buɗe littafi ko ka duba hotunan intanet, domin da zarar ka ga hoton littafi sai ƙwaƙwalwa ta cike maka giɓin da idonka bai gani ba. Ka rubuta rana da lokaci, da nisan da ke tsakaninku, da inda rana take, da abin da tsuntsun yake yi. Mafi amfani kuma, ka naɗi kukansa da waya. Wayar da ba ta iya ɗaukar hoton ɗan tsuntsu daga nisan taku ashirin tana iya ɗaukar muryarsa sarai idan ka yi shiru ka juya wa iska baya, kuma game da baƙin nan na kan bishiya, murya ta fi hoto ƙarfi.

Abu biyu nake roƙo kada a yi. Kada a kunna kukan tsuntsun a waya don a jawo shi, musamman yanzu da yake lokacin sheƙa ne, domin namiji yakan bar abin da yake yi ya fito neman abokin gaba da babu shi. Kuma idan ka gano inda sheƙar take, kada ka nuna wa yara, kada ka sa ainihin wurin a Facebook. Yaro mai danƙo ba ya tambayar sunan kimiyya, kuma akwai masu kama ƙananan tsuntsaye masu launi su sa a keji su sayar.

Ina goyon bayan Baba a kan cewa a rubuta har da na yau da kullum, kuma dalilin ke nan da shirin yake son cikakken jeri, da balbela da hankaka da kurciya duka. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma ba za a san wanda yake raguwa ba sai an san inda yake a yau. Ungulun da Baba ya ambata, a 2015 aka sa ta cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya, kuma da an daɗe ana rubuta ta tun tana cika kasuwa, da an ga faɗuwarta da wuri. Sai dai zan ɗan bambanta da masu ganin gona ba wurin tsuntsu ba ce sai abin da ya ɓato hanya. Akwai nau'o'in da gonar ce ma suka fi so.

Misali, tunda kana zuwa gonar a wannan wata, ka duba kan karan masara da na dawa da suka rage a tsaye. Za ka iya ganin wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai zane-zane a baya, da farin layi a saman ido kamar gira, ƙirjinsa da ɗan ruwan goro, yana zaune a ƙolin kara, ya sauka ƙasa ya cafki ƙwaro ya koma inda ya taso. Sunansa na kimiyya Saxicola rubetra, kuma baƙo ne daga Turai. Yakan iso wajen Satumba zuwa Oktoba ya tafi wajen Afrilu, yawanci nauyinsa bai kai giram 20 ba, kuma yana ƙetare Sahara sau biyu a shekara. Masu bincike sun sa wa da yawa daga cikinsu zobba masu launi a ƙafa a gonakin da ke kewaye da Jos, suka gano cewa kowanne yana riƙe da ɗan filinsa da bai kai hekta guda ba, kuma waɗanda suka rayu sukan dawo wannan filin dai a shekara mai zuwa. An kuma ɗaura wa wasu 'yar na'ura mai auna hasken rana a baya, wadda ta nuna cewa a ƙasashen gabashin Turai suke yin sheƙa. A ƙasashen Turai da dama yana raguwa saboda sauyin yadda ake noma da yankan ciyawa da wuri, amma a nan gona mai 'yan ƙananan bishiyoyi da karan da ba a ƙone ba ta ishe shi. Idan ka ga mai zobe, ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban, ka kai wa mutanen Laminga.

Ka kuma riƙa duban kurciyoyi da kyau. Akwai kurciyar Adamawa, wadda ta fi na gida girma da duhu, mai baƙin tabo a gefen wuya da jan ciki, kuma tudun Jos na cikin wuraren da aka san ta da su.

Malama Ummu Khalil, Bukuru

Malam, da abin da ka gani yau, wato baki ruwan toka da kai ruwan toka da jan baya a jikin namiji guda, a gindin dutse a gabashin Jos, ni na gamsu cewa jan tsuntsun dutse ne, kuma ka shigar da shi kamar yadda ƙanina Ɗan Naraguta ya bayyana. Baƙin kuwa kada ka sa masa suna tukuna. Akwai ɗan uwansa na cikin gari wanda yake saka wa baiwar Allah ƙwai, shi ma baƙi ne mai farin baki, kuma yana iya kaiwa gonar da ke kusa da gidaje. Na gari ƙafafunsa ja ne masu ruwan lemo, na dutse kuwa ƙafafunsa fari-fari ne masu sirkin shuni, sheƙin jikinsa kuma yakan karkata ga kore. Amma akwai wasu nau'o'in masu ƙafa irin tasa, don haka ko ka ga ƙafar, kukan ne zai raba gardama. Ka naɗi minti biyu ko uku ba tare da yankewa ba, domin yana cakuɗa nasa surutun da kwaikwayon, kuma sai wanda ya san kukan jan tsuntsun zai tsamo shi. Kada ka jinkirta, domin idan aka shiga tsakiyar rani namijin yakan zubar da baƙin gashinsa ya koma ruwan ƙasa mai zane kamar tamatarsa, ya bar bishiyar, kuma daga nan ko ƙwararre ba zai iya raba shi da danginsa da ido ba.

Game da kawu, shawarar Baba ta fi tawa, kuma abin da zan ƙara kaɗan ne. Daga ƙarshen damina zuwa farkon rani ne lokacin sheƙarsu, saboda haka ko da zai sare wani ɓangare, ka roƙe shi ya bari sai bayan Disamba. Ka roƙe shi ya bar ɗan zirin da ya manne da dutsen, ko faɗin taku goma ne, ba sara ba feshi, tunda can ne ƙasar ta fi rashin zurfi kuma can ne ciyawar da suke ci take. Idan zai ƙona kara, a share iyaka tukuna don kada wuta ta hau dutsen. Ka kuma bincika inda ruwa yake ragewa a kusa da gonar a watan Fabrairu da Maris, ko ɗan rafi ne ko ramin dutse, domin idan ba ka same su a bakin gona da rani ba, can za ka je da misalin ƙarfe bakwai na safe ka zauna nesa kaɗan ka jira.